Saitin asali na kwamfuta: sabon shiga za a duba ko tsohon hannu?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da ta shafi duk wanda yake koyar da kwamfuta ko yake gyara ta, wato maganar saitin da babbar manhajar sarrafa na'ura take zuwa da shi tun daga kamfani, kafin mai ita ya taɓa komai. Misalin da zan ɗauka shi ne yadda Windows take ɓoye haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su .docx da .pdf da .exe, al'adar da ta faro tun daga Windows 95 kuma har yanzu tana nan a Windows 11. Hujjar kamfanin a bayyane take: idan sabon shiga ya zo sauya sunan fayil ya goge waɗannan haruffa, fayil ɗin zai ƙi buɗuwa, shi kuma ya ɗauka aikinsa ya lalace. Amma wannan ɓoyewar ce ta share wa ƙwayar cutar ILOVEYOU hanya a watan Mayu na shekarar 2000, wadda ta fito daga Manila ta ƙasar Filifin. Sunan fayil ɗin da take aikawa ya ƙare da .TXT.vbs, kwamfuta ta ɓoye .vbs ɗin da ke nuna cewa manhaja ce, mutane suka ga .TXT suka ɗauka wasiƙa ce kawai, suka buɗe, ita kuwa ta lalata musu hotuna ta kuma aika kanta ga duk wanda ke cikin jerin adireshinsu. Tambayata ita ce, idan za a zaɓi saitin da na'ura za ta zo da shi, wa ya kamata a fi dubawa, wanda bai san komai ba ko wanda ya ƙware?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsata za ta iya ba wasu mamaki tunda aikina kula da manyan kwamfutoci masu aiki da Linux ne, wato wata manhajar sarrafa na'ura irin Windows, amma ina ganin sabon shiga ya kamata a duba, kuma dalilin lissafi ne kawai. Wanda ya ƙware ya san akwai saiti, ya san inda yake, kuma sauya shi ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba, sannan sau ɗaya zai yi a rayuwar na'urar. Sabon shiga kuwa bai ma san cewa abin da yake gani zaɓi ne da wani ya yi masa ba, yana ɗauka haka kwamfuta take, don haka duk abin da aka ba shi da shi zai zauna har na'urar ta mutu. Tarihin Windows XP ya isa shaida. Ta fito a shekarar 2001 da katangar tsaro, wato abin da ke tare kutse daga intanet, a cikinta, amma a kashe, an bar wa mai na'ura ya kunna idan ya ga dama. A watan Agusta na 2003 ƙwayar Blaster ta shiga kwamfutoci ba tare da kowa ya danna komai ba, ta riƙa sa su kashe kansu bayan ƙirgen daƙiƙa 60, alhali gyaran ramin tsaron da take bi an fitar da shi tun watan Yuli. Sai da sabuntawar Service Pack 2 ta zo a Agustan 2004 ta kunna katangar da kanta sannan aka samu sauƙin irin wannan harin. Gwanaye sun riga sun kunna tasu tun farko, waɗanda aka bar wa zaɓin da ba su san da shi ba su ne suka sha wahala.

Maman Ummi:
Injiniya, na yarda da lissafinka, sai dai misalin da Malam ya kawo yana nuna cewa kalmar nan "a duba sabon shiga" tana ɗauke da abubuwa biyu da bai kamata a haɗa su ba. Kunna katangar tsaro kariya ce. Ɓoye ƙarshen sunan fayil kuwa rufe wa mutum ido ne. Mu da muke shagon buga takardu mun san cutar nan da ke shiga filashi ta ɓoye manyan jakunkunan fayil na gaskiya, ta ajiye gajerun hanyoyi masu suna iri ɗaya a madadinsu, ɗalibi ya danna yana neman aikinsa sai ya ƙara yaɗa ta. Wannan cuta tana cin nasara ne saboda saiti biyu na asali sun haɗu: ba a nuna ɓoyayyun fayiloli, kuma ba a nuna irin fayil. Yarinyar da take koyon aiki a wurina ba ta buƙatar digiri kafin ta gane cewa takardar da sunanta ya ƙare da .exe ba takarda ba ce, manhaja ce. Bayani ɗaya ya ishe ta, amma sai idan tana ganin haruffan.

Injiniya:
Hajiya, gaskiyarki, kuma zan ƙara miki da abin da ya fi wannan muni. Ko kin shiga saiti kin ce a nuna ƙarshen sunan kowane fayil, Windows ba za ta nuna .lnk na gajeriyar hanya ba, domin an ware shi daban a cikin rajistar tsarin. Alamar da ta rage ita ce ƙaramar kibiyar da ke jikin hoton fayil ɗin. Kuma tun da Microsoft ta fara toshe ƙananan umarnin da ake cusawa cikin takardun Word da Excel da aka sauko da su daga intanet, a shekarar 2022, masu kutse da yawa sun koma aika irin waɗannan fayiloli na .lnk da kuma .iso, wato kwafin faifai a cikin fayil ɗaya. Wato kowace ƙofa da aka rufe da saitin asali tana tura su zuwa wadda aka bari.

Auta:
Iyayena da yayyena, ku yi mini izini in tofa albarkacin bakina a matsayina na ɗalibi. Ni ina ganin ana raina sabon shiga fiye da kima. Kowane gwani da ke nan ya taɓa zama bai iya komai ba, kuma ya koya ne saboda na'urar ta bar shi ya ga cikinta. Idan aka ɓoye komai saboda kada ya ruɗe, to ta ina zai fara tambaya? Yawancin abokan karatuna da suka tashi da waya ba su san inda fayil yake zama ba, ba su san bambancin ajiyar cikin waya da ta intanet ba, domin an tsara musu komai yadda ba sai sun sani ba. Ranar da aka ce su haɗa takardu uku su aika ta imel don neman gurbin karatu, sai a ga ido ya raina fata.

Dattijo:
Ƙanena, maganarka tana da kyau amma tana ɗauke da zato guda, wato cewa kowane mai amfani da kwamfuta yana kan hanyar zama gwani ne. Ba haka ba ne. Likita da alƙali da ɗan kasuwa sun sayi na'urar ne don ta yi musu aiki, kuma ba aibi ba ne su shekara ashirin suna amfani da ita ba tare da sun san abin da ke ƙarƙashinta ba. Direban da bai iya kwance injin mota ba yana da haƙƙin a ba shi mota mai birki, kuma ba a cewa a cire murfin injin domin ya koyi kanikanci. Abin da zan yarda da kai a kai shi ne kada a toshe hanya ga mai son koyo. Android ta yi wannan da hikima tun daga sigar 4.2 a shekarar 2012: saitin masu ƙirƙirar manhaja yana nan a ɓoye, amma wanda ya taɓa lambar ginin tsarin sau bakwai zai bayyana masa. Ba wanda zai faɗa ciki bisa kuskure, kuma ba wanda aka hana shiga.

Auta:
Ranka ya daɗe, na karɓi gyara. Sai dai ina so a lura cewa ƙofar da ake buɗewa da taɓawa bakwai, sai wanda wani ya gaya masa ne zai san da ita.

Dattijo:
Haka ne, kuma wanda ya kai matsayin buƙatarta ya kai matsayin tambaya.

Baban Sadiq:
Ina so mu ji ɓangaren gwanaye da kyau, domin har yanzu ba wanda ya kare su sosai. Injiniya ya ce sauya saiti minti ɗaya ne, amma wannan yana tsayawa ne idan saitin yana nan. Abin da ya faru da GNOME 3, wata fuskar allo ta Linux, a watan Afrilu na 2011 ya nuna inda maganar take lalacewa. Masu tsara ta sun cire maɓallan rage taga da faɗaɗa ta, suka kuma ɓoye zaɓin kashe kwamfuta har sai mutum ya danne maɓallin Alt, duk da sunan sauƙaƙa wa jama'a. Da yawa daga cikin abubuwan da aka cire ba a bar musu wuri a cikin saiti ba, sai mutum ya sauko da wata manhaja daban kafin ya dawo da su. Linus Torvalds da kansa, wanda ya ƙirƙiri zuciyar Linux, ya soki tsarin a bainar jama'a ya koma wata fuskar mai suna Xfce na wani lokaci, kuma daga wannan rikici ne fuskokin MATE da Cinnamon suka samo asali. Haka Windows 8 ta cire maɓallin Start a 2012, ta cika allo da manyan murabba'ai da aka tsara don taɓawa da yatsa, har sai da 8.1 ta dawo da maɓallin bayan shekara guda. Abin lura a nan shi ne ba gwanaye kaɗai suka ruɗe ba, har da talakawan masu amfani waɗanda suka saba da hanya ɗaya tun 1995. Wanda aka tsara wa sabon salon, wato mutumin da bai taɓa ganin kwamfuta ba, shi ne mafi ƙaranci a cikin masu saye.

Injiniya:
Malam, wannan magana ce mai nauyi, kuma tana raba abu biyu da nake so a riƙe: sauya saitin asali daban, cire zaɓi daban. Na farko ina goyon bayansa, na biyu kuwa shi ne yake haifar da faɗa. Misali mai kyau na na farko shi ne abin da Fedora, wani nau'in Linux, ta yi a sigarta ta 33, a watan Oktoba na 2020, lokacin da ta mai da nano manhajar rubutu ta asali a allon umarni. Kafin nan, sabon shiga da ya ba da umarnin da ke buƙatar rubutu, misali ajiye aiki a manhajar git, sai ya tsinci kansa a cikin tsohuwar manhajar rubutu mai suna vi, inda ko fita ba zai iya ba sai ya san cewa zai danna Esc ya rubuta :q! sannan ya danna Enter. Tambayar yadda ake fita daga Vim, wato sabon samfurin vi, a shafin tambayoyin masu rubuta manhaja na Stack Overflow ta wuce kallo miliyan ɗaya tun 2017. Ita kuwa nano tana rubuta maɓallan da ake buƙata a ƙasan allo. Masu son vi sun yi ƙorafi, amma ba abin da aka ƙwace musu, layi ɗaya za su rubuta a fayil ɗin saitinsu su koma gidan jiya. Haka kuma umarnin goge fayil a Linux, wato rm na GNU, ya daɗe da ƙin goge tushen tsarin gaba ɗaya sai an ƙara masa wata kalma ta musamman da ke nuna da gangan ake yi. Ban taɓa jin gwanin da ya ce wannan ya tauye masa haƙƙi ba.

Mai Gyaran Waya:
Da izininku, zan kawo abin da ba a cika gani daga ofis ba. Kuna magana kamar mutum biyu ne kawai a cikin lamarin, sabon shiga da gwani, alhali a kasuwanninmu akwai na uku, wato wanda yake saita wa mutane na'ura. Mafi yawan masu sayen waya ko kwamfuta a Kano ba su ne suke kunna ta karon farko ba. A shago ake buɗe musu imel, a sa kalmar sirri, a tura musu manhajoji ta Xender, su karɓa su tafi, kuma da yawa ba sa riƙe kalmar sirrin. To ku dubi saitin kulle bayanai. Daga sigar 24H2 ta Windows 11, idan aka ɗora ta sabuwa aka shiga da asusun Microsoft, tana kulle rumbun ajiya da kanta, ta ajiye mabuɗin ceto mai lamba 48 a cikin wannan asusun. Ga wanda ya san asusunsa, wannan alheri ne, domin ɓarawon da ya sace kwamfutar ba zai karanta komai ba. Ga wanda wani ya buɗe masa asusun ya manta, ranar da allon uwar na'urar ya lalace ko aka taɓa wani saiti na ƙasa, za a tambaye shi lambar da bai taɓa sanin akwai ta ba, kuma babu mai gyaran da zai iya ciro masa bayanansa. An tsara saitin don kare sabon shiga, amma sabon shigan da aka yi tunani a kansa mai imel ɗinsa ne a hannu.

Maman Ummi:
Wannan ita ce maganar da nake ta neman yadda zan faɗa. Sabon shigan wace ƙasa ake nufi? Kwamfutar da aka ɗora wa Turancin Amurka tana zuwa da takarda samfurin Letter, mai faɗin inci 8.5 da tsawon inci 11, mu kuwa A4 muke sayarwa, mai milimita 210 da 297. Ɗalibi zai tsara aikinsa ya ƙirga shafukansa, ya zo bugawa sai layuka su goce, jerin abubuwan da ke ciki ya daina dacewa da lambobin shafi. Haka kwanan wata: 03/04 a wurinsu huɗu ga Maris ne, a wurinmu uku ga Afrilu, kuma Excel ba za ta tambaye ka wanne kake nufi ba. Duk wannan yana gyaruwa idan aka zaɓi Nijeriya a matsayin yanki lokacin ɗora tsarin, amma mai ɗorawa yana sauri, yana danna "gaba" ne kawai.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, mu a Nijar namu ya ɗan bambanta. Kwamfutocin ofis da yawa suna zuwa da allon madannai na Faransanci, wanda layin haruffansa na sama yake farawa da AZERTY, sannan ga na hannu da ake shigowa da su ta Kano masu QWERTY, sai ka ga abin da aka zana a jikin maɓalli daban, abin da yake fitowa a allo daban. A allon Faransanci ma sai an danne Shift kafin lambobin layin sama su fito, abin da yake rikita mai sa kalmar sirri tunda ba ya ganin abin da yake rubutawa. Game da rubutun Hausa kuwa, Windows tana da tsarin madannai na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, manhajar madannai ta Gboard ma tana da shi a waya, amma ba wanda yake zuwa a kunne, shi ya sa mutanen da suka iya ƙa'idar rubutu sarai suke rubuta "kasa" a inda suke nufin "ƙasa". A nan ba za a ce an fifita gwani ko an fifita ɗan koyo ba, dukkansu biyu an bar su su nema da kansu.

Injiniya:
Tunda ka ambaci rashin ganin kalmar sirri, akwai wani labari da ya dace da muhawarar nan. A al'adar Linux, idan ka rubuta kalmar sirri bayan umarnin sudo, wanda ke ba mutum cikakken iko na ɗan lokaci, ba abin da yake bayyana a allo, ko tauraro ɗaya, kuma sabbin shiga da yawa suna ɗauka madannan sun daina aiki. Linux Mint, wani nau'in Linux, ta kunna zaɓin nuna taurari don ta sauƙaƙa musu. A farkon 2020 aka bayyana wani rami a cikin sudo da ke ba mai ƙaramin iko damar zama mai cikakken iko, kuma ramin yana aiki ne kawai a inda aka kunna wannan zaɓin. Tsarukan da suka bar saitin yadda masu sudo suka ajiye shi ba su shiga haɗarin ba. Ban kawo wannan don in ce Mint ta yi laifi ba, domin kuskuren yana cikin sudo ne kuma an gyara shi. Abin da yake nunawa shi ne hanyar da mafi yawan mutane suke bi ita aka fi gwadawa, don haka duk wanda ya kauce mata, ko don taimakon ɗan koyo ko don jin daɗin gwani, yana tafiya ne a inda idanu suka yi ƙaranci.

Auta:
Yaya Injiniya, to me za ka ce game da tagogin neman izini? Ni a ganina su ne suka fi kowane saiti koya wa mutane danna "eh" ba tare da karantawa ba.

Injiniya:
Ka taɓo wuri mai ciwo. A zamanin XP kusan kowa yana aiki ne da asusu mai cikakken iko, don haka duk cutar da ta shigo tana samun ikon da mai na'urar yake da shi. Windows Vista ta zo a 2007 da tsarin neman izini kafin a yi duk wani babban sauyi, kuma manufar daidai ce, ita ce dai wadda Ubuntu, wani nau'in Linux, ta bi tun fitowarta a Oktoban 2004 lokacin da ta kulle asusun root mai cikakken iko ta ce a riƙa amfani da sudo. Matsalar Vista ita ce yawan tambayar, domin manhajojin lokacin an rubuta su ne da zaton suna da cikakken iko, sai tagar ta riƙa fitowa a kan ƙananan abubuwa. Gwanaye suka kashe ta gaba ɗaya, sauran jama'a suka koyi danna amincewa da ido rufe. Windows 7 ta rage tambayoyin a 2009 ta kuma ba da matakai huɗu da mutum zai zaɓa. Amma a yi wa Vista adalci, takurawar da ta yi ce ta tilasta wa masu rubuta manhaja su daina neman ikon da ba sa buƙata. Ra'ayina shi ne tambaya ba kariya ba ce ga wanda bai san amsar ba. Idan tsarin ya san abin da ya fi aminci, ya yi shi kawai ya bar hanyar warwarewa, ya ajiye tambaya don abin da ba ya dawowa idan an yi.

Mai Gyaran Waya:
Injiniya, idan aka bi wannan ƙa'ida taka, to sabuntawar dole da Windows 10 ta zo da ita ta halatta ke nan, kuma ka san yadda take cinye wa mutane data. Wanda ya sayi gigabait biyu ya haɗa kwamfutarsa da wayarsa don ya aika takarda ɗaya, sau da yawa tsarin ba ya sanin cewa kuɗin abincinsa ne yake zuƙewa. Akwai saitin da ake gaya wa kwamfuta cewa layin na awo ne, wato datar saye ce mai ƙarewa, amma sai wanda ya sani.

Injiniya:
Ta halatta a asalinta, ko da yake yadda aka aiwatar da ita yana da gyara. A watan Mayu na 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida, alhali gyaran ramin ya fito tun watan Maris. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sabunta ba. Kuma kwamfutar da ba a sabunta ba ba mai ita kaɗai take cutarwa ba, ita ce take zama matattakalar kai wa wasu hari, shi ya sa ban yarda a bar wannan ga ganin damar kowa ba. Inda nake tare da kai shi ne tambayar "layin nan na awo ne?" ta cancanci a yi ta a fili ranar da aka fara haɗa na'ura da sabon layi, domin amsarta mai na'ura ne kaɗai ya sani, kuma ko ɗan koyo ya san ko yana sayen data ko ba ya saye.

Dattijo:
Na saurare ku duka, kuma akwai wanda ba a ambata ba, alhali shi ne yake riƙe da alƙalamin. Kamfanonin nan sun fi mu sanin cewa mutane ba sa sauya saiti, kuma sun san kuɗinsa. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 a shekarar 2021 don ya zama injin bincike na asali a wayoyi da manhajojin shiga intanet, kuma Apple kaɗai ta karɓi dala biliyan 20 a 2022. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba. Kafin wannan, Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 561 a Maris na 2013 saboda ta daina nuna wa masu Windows allon zaɓen manhajar shiga intanet da ta yi alkawarin nunawa. Ba wanda zai biya irin wannan kuɗi a kan abin da mutane suke sauyawa cikin minti ɗaya. Don haka idan aka ce muku an tilasta buɗe asusun intanet kafin a gama saita sabuwar kwamfuta saboda sauƙin ɗan koyo, ko an kunna tattara bayanan amfani saboda a inganta masa aiki, ku tambaya wa ya ci riba. Sau da yawa sunan sabon shiga ake ara.

Baban Sadiq:
Ranka ya daɗe, wannan ya sa na sake duba misalin da na fara da shi, sai na ga bai shiga wannan rukuni ba. Ɓoye ƙarshen sunan fayil ba ya kawo wa kamfanin ko kwabo, kuma dalilin da aka kafa shi a kai ya raunana, domin Windows ta daɗe tana yin gargaɗi idan mutum zai sauya waɗannan haruffa, kuma tun daga Vista idan ka zo sauya suna, sunan kaɗai take haskakawa ta bar ƙarshen. Abin da ya rage shi ne sabo da tsoron taɓa abin da ɗaruruwan miliyoyin mutane suka saba gani. A nan ɗan koyo da gwani buƙatarsu ɗaya ce, amma saitin yana nan tun 1995.

Maman Ummi:
Malam, tunda ba mu da ikon sauya abin daga can, sai mu dubi wanda ke hannunmu. Mu da muke ɗora wa mutane tsarin, mu ne muke zaɓa musu saitin asali a zahiri. Ni a kwamfutocin shagona ina kunna nuna ƙarshen suna, in mai da takarda A4, in sa yankin Nijeriya, in ƙara madannan Hausa, in kuma ba masu koyo asusu marar cikakken iko. Abin da ban yanke shawara a kai ba shi ne kulle rumbun ajiya ga kwamfutar abokin ciniki. Idan na bar shi a kunne, ina tsoron ranar da zai rasa mabuɗin. Idan na kashe, na yanke masa hukunci a kan tsaron bayanansa ba da saninsa ba, wato na yi abin da muke zargin kamfanoni da shi.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya, abin da nake yi shi ne in tambaye shi aikin da zai yi da ita. Idan ma'aikaci ne mai yawo da takardun ofis ko bayanan kuɗi, ina barin kullen a kunne, in buga masa lambobin 48 ɗin a takarda, in ce ya ajiye ta tare da takardun gida, ba cikin jakar kwamfutar ba. Idan kuwa ta yara ce ta kallo da aikin makaranta, ina gaya masa cewa zan kashe da kuma dalili. Wasu suna sauraro, wasu kuma suna cewa in yi duk abin da na ga ya dace su dai a ba su kayansu.

Auta:
To idan ya ce a yi duk abin da aka ga ya dace, wanne kake zaɓa masa, Yaya?

Mai Gyaran Waya:
Ina barinsa a kunne in buga masa takardar, sannan in sa ya shiga asusun da hannunsa a gabana sau ɗaya, da lambar wayarsa ba tawa ba, kafin ya bar shagon.